Hudu Ƙamus da Jan Mashin

"Duk faɗin Dutsin-Ma, ku haɗa har da Kurfi, ba a haifi wanda zai kama ƙafata a Turanci ba. Jan mashin ɗin can da kuke gani, kafin wake ya yanke a kasuwa ni za ku gani bisa kanshi."

Hudu ke nan, yana tsaye gaban teburin Ilu mai shayi, kofi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuna ƙofar shagon kawunsa. Abokina, in ba ka san Hudu ba an cuce ka. Dogo ne siriri kamar karan dawa, da tabarau marar magani wanda yake sawa don kawai a san ya yi boko. Mu ne muka laƙa masa Ƙamus don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu kamar an naɗa masa sarauta. Ni tela ne, shagona yana kallon teburin Ilu, saboda haka abin da zan ba ka labari wani na gani da idona, wani kuma Hudu ne ya kawo mana da bakinsa, yana zaton yabo yake tara wa kansa.

Sakandare dai ya gama da kyar da jiɓin goshi. Abin da ya haukata shi wani darasi ne da ya kalla a waya. Malamin ya ce wanda ya iya Turanci ba ya zama yana ta "he said, he said", wato "ya ce, ya ce", kamar mai kai tsegumi gida gida. Sai ka duba yadda mutum ya yi maganar, ka zaɓo kalmar da ta dace da ita. In ƙorafi ya yi ka ce complained, in alkawari ne promised, in musu ne denied, in kuwa ƙi ya yi ƙememe ka ce refused. Malamin gaskiya ya faɗa, ba ni da ta cewa. Hudu ne ya ɗauki rabin karatun ya bar rabi a waya. Ya ji "kada ka maimaita", bai ji "wadda ta dace" ba. A nan gaban shayi ya rantse mana cewa daga ranar bakinsa ya yi hannun riga da "he said" har abada, wai kalmar 'yan firamare ce.

Muka shiga uku. Ilu ya ce sukari ya ƙare, Hudu ya juyo ya sanar da mu cewa Ilu ya denied. Na ce masa wandonsa sai gobe, ya ce na promised, alhali kowa ya san goben tela.

Ana cikin haka Allah ya kawo Madam Ibinabo, wadda garin nan ya mayar Madam Binabo tun kafin ta sauke jaka. Mutuniyar Fatakwal ce, ta gaji cinikin wake daga mijinta, tana kai wa makarantun kwana. Ta gaji da sayen na hannu uku, ta zo da kanta ta saya a hannun manoma. Hausa kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Ta sauka gidan Alhaji Badaru, kawun Hudu, wanda ya yi suna a cinikin hatsi. Ta sayi sabon mashin ja don zagaya ƙauyuka, ta kuma faɗa gaban kowa cewa ranar da za ta koma za ta bar shi a hannun wanda ta zaɓa ya zama wakilinta, mai tara mata wake duk kaka.

Alhaji yana jin Turancin kasuwa daidai gwargwado, amma ba zai bar shago ya bi ƙauye ba. Hudu kuwa ya yi ta sintiri a ƙofar gida yana gaida baƙuwa da Turanci safe da yamma, har dai aka ba shi tafinta, shi ne kuma matuƙi. Kafin su fara fita Alhaji ya ja shi gefe.

"Hudu, tafinta indararo ne. Ruwan da ya sauka bisa soro shi yake zubarwa, ba ya ƙara nashi. Abin da mutum ya ce, shi za ka ce ya ce."

Hudu ya zo ya ba mu labari, ya ce kawunsa ya warned, wato ya yi gargaɗi. Wannan karon kam ya dace, kuma ban sake jin ya dace ba.

Karofi suka fara zuwa, wurin Malam Mas'ud, manomin da wakensa bana ya rasa wurin zubawa, har ɗakin baƙi an cika. Madam ta tambaya yaya amfanin gona. To kai ma ka san manomi. Ko rumbunsa na shirin fashewa ba zai buɗe baki ya ce ya samu ba, yana tsoron bakin mutane. Malam Mas'ud ya sunkuyar da kai ya ce Alhamdu lillahi, an ɗan taɓa, ruwa ya so ya yi gardama a ƙarshe, tsutsa ma ta leƙo, amma sai godiya. Hudu ya gyara tabarau ya ce, "He complained." Ya kuma bi da ruwan da tsutsar ya jera mata, ya bar godiyar a ƙasa. Madam kuwa ba abin da take gudu a duniya kamar wake mai ƙwari. Ta yi wa Malam Mas'ud jaje da fuskar tausayi, ta hau mashin. Suka bar bawan Allah tsaye da makullin sito a hannu, an shimfiɗa tabarma, an dama fura, yana tambayar kansa abin da ya yi wa baƙuwa.

Da yamma Hudu ya zo majalisa yana hura hanci, wai ya ceci Madam daga asara.

Kashegari sai Kuki. Can kuma mutumin da suka je wurinsa ya riga ya sayar da wakensa kaf tun a gona, ko na ƙosai bai rage ba. Amma baƙuwa ta yi tattaki tun daga bakin teku, yaya za a dube ta a ce mata babu? Sai ya ce to, Allah ya kai mu, za mu duba. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san wannan a'a ce ta sa babbar riga. Hudu ma ya sani. Sai dai ya duba aljihunsa na kalmomi ya ga promised ba ta fita ba tukuna, ya zaro ta ya miƙa wa Madam. Madam ta yi murna, ta ɗauko hayar babbar mota har da 'yan dako. Suka je Kuki da ƙugi, suka dawo ba komai a bayan motar sai 'yan dakon da wata akuya da direba ya saya wa kansa. Hudu bai ko girgiza ba. Ya shaida wa Madam cewa mutumin ya denied, kuma halin mutanen ƙauye ke nan, ba su da alkawari. Ita baiwar Allah ta yarda, har tana gode masa da yake kare ta daga macuta.

A satin ne ya sayar da kekensa, wai keke ba ya zama gida ɗaya da mashin. Ya sayo jan yadi ya kawo mini in ɗinka wa mashin rigar sirdi, in kuma rubuta ƘAMUS a jiki da zare ruwan gwal. Na ce masa, Ƙamus, ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma kuma ba a sayen igiya kafin akuya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce na complained. Na ɗinka masa. Ni mene ne nawa?

Sai ranar Kutawa. Suna dab da shiga tayar baya ta yi faci, daidai ƙofar gidan Hamma. Hamma dattijon Bafulatani ne wanda ya haɗa kiwo da noma, Fillancin ma ya tsere masa sai in zai yi wa saniya magana. Ba shi da yawan surutu, kuma wannan ne ya cece shi. Ya sa babban ɗansa Jibril ya tafi da tayar wurin mai faci, ya sa aka kawo kindirmo da fura, aka yanka zabo. Da ya ji wake ake nema bai tsaya bayani ba, ya sa aka kwance bakin buhu. Madam ta tsoma hannu, ta murza, ta ciza, ta ga wake fari tas ba huda ko ɗaya. Ciniki ya faɗa da yatsu, tafinta yana gefe yana tsotsar ƙashin zabo.

Daɗi ya kama Madam. Ta sa aka kwanto wani kwali daga bayan mashin: sabon famfon feshi mai batir, wanda ta yi guzurinsa don manomin da ya fi burge ta. Ta ɗauka da hannu biyu ta ajiye gaban Hamma. Abokina, duk damina Hamma aron famfo yake yi wurin maƙwabta, sai kowa ya gama feshi ake ba shi. Idonsa ya yi haske kamar an kunna fitila. Amma dattijo ne, kuma Bafulatani, kunya ta yi masa katutu. Ya kau da kai, ya ɗan tura kwalin da yatsa ɗaya, turawar da ba za ta motsa ko ƙuda ba.

"Haba, baƙo ai ba ya biyan ruwan sha. Da kin bari, Madam, da kin bari."

Ka san yadda ake yi. Mai kyauta ya ce a'a, sai ka karɓa, ya ture abin gefe, a sa yara su shiga da shi ciki, a ci gaba da hira kamar ba a yi ba. Hudu ya san haka sarai, a cikinsa ya girma. Amma kalma ɗaya ta rage masa cikin darasin nan bai taɓa samun inda zai sauke ta ba, ta kwana biyu tana masa ƙaiƙayi a harshe. Ya miƙe tsaye, ya share maiƙon zabo, ya ce, "He refused."

Madam ta yi mamaki, ta ce ya maimaita mata kalmomin da dattijon ya faɗa. Nan fa aka sosa wa Ƙamus inda yake masa ƙaiƙayi, yau ga shi yana koyar da mai Turanci. Ya tsaya ya biya mata kamar karatun allo, da kin bari, refused, da kin bari, refused, har sai da ta haddace. Ta ce a garinsu ba a tilasta wa babba abin da ya ce ba ya so, rashin kunya ne. Ta durƙusa ta ba Hamma haƙuri, ta sa Hudu ya mayar da kwalin bayan mashin ya ɗaure.

Hamma ya rako su har bakin hanya, sandarsa bisa kafaɗa, idonsa a kan kwalin.

"Yaro, mi ka hwaɗa mata?"

"Turanci ne, Baffa. Ko na yi maka bayani ba za ka gane ba."

Hamma ya ce, "To." Ni da aka ba ni labari daga baya sai da na ji tsoron wannan "to" ɗin.

Ranar tafiyar Madam ta faɗo ranar kasuwa. Tun da sassafe Hudu ya bi mu ɗaya ɗaya yana gayyata, wai mu zo mu shaida. Ya ari babbar rigar Alhaji, wadda ta zauna masa kamar an rataye ta a ƙusa. Rigar sirdi tana naɗe a aljihu, bakinta ja yana leƙowa. Na rufe shago, Ilu ya bar tukunya a kan wuta. Muka tarar da ƙofar shagon Alhaji ta cika. Ga Malam Mas'ud na Karofi zaune a kan buhu. Ga Hamma da ɗansa Jibril, sun kawo bijimi kasuwa sun biyo gaisuwa. Aka ce tun hantsi suna ciki da Alhaji suna magana ƙasa ƙasa. Na dubi fuskar Alhaji na ga ta yi sanyi fiye da kima, sai na nemi wuri mai kyau na tsaya.

Madam ta yi jawabin godiya, Hudu yana fassarawa. In ta yabe shi da mudu, ya juye mana da tiya. Daga ƙarshe ta ce duk da wake kaɗan ta samu bana, ta ga ƙoƙarin wannan saurayi, shi ta zaɓa wakili. Ta zaro makullin mashin ta miƙo.

Hudu ya dubi makulli, ya dubi taro. Ga dattawa, ga kawunsa, ga mu 'yan majalisa da ya cika mana kunne. Mutum mai babbar riga ba ya fizgar kyauta kamar kaza ta ga tsaba. Dole a ɗan ja aji, a nuna wa duniya ba a matse ake ba. Ya kau da kai gefe, ya ɗaga murya don na bayan taro su ji, tafin hannunsa kuwa a buɗe yana jira.

"Haba, Madam, ai ba don wannan na yi ba. Da kin bari, wallahi da kin bari."

Fuskar Madam ta washe kamar ɗalibar da tambayar da ta haddace ta fito a jarrabawa.

"Da kin bari," ta maimaita da Hausarta mai tsalle. "Refused."

Ta janye hannu, makulli ya koma cikin tafinta. Hannun Hudu ya rage a sama yana damƙar iska. Madam ta dafa ƙirji, ta ce ba ta taɓa ganin mutane marasa kwaɗayi irin na ƙasar nan ba, tsoho da yaro duk hali ɗaya. Ta ce ba za ta ɓata masa rai da naci ba.

Hudu ya buɗe baki zai gyara. Ai magana ɗaya ce: Madam, in muka faɗi haka, kawo muke nufi. Amma yana ɗaga ido suka haɗa ido da Hamma, wanda ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara a kanta. In "da kin bari" kawo ce yau, to kawo ce a Kutawa, kuma sai an tambayi wanda ya ɗaure kwali a bayan mashin. Daga nan kuma a gangaro Kuki da motar haya, a ƙarasa Karofi, ga Malam Mas'ud nan zaune. Gaba kura, baya sayaki. Ya juya wurin kawunsa da idon neman taimako.

Alhaji ya ɓare goro a hankali ya ce, "Kai ne tafinta, Hudu. Mu mi muka sani cikin Turanci?"

Madam ta ce tun da wakilci da mashin tafe suke, dole ta nemi wani. Ta ce mutum ɗaya ne ya sayar mata da waken kirki, kuma ga ɗansa ya iya tuƙi, sai dai ta san shi ma Hamma ba ya karɓar kyauta. Duk da haka a tambaye shi, ko Allah zai sa. Wa zai tambaya? Tafinta mana. Na rantse maka ban taɓa jin Hausa ta fito daga bakin mutum da wahala irin ta ranar ba. Hudu ya isar da saƙon kamar ana zare masa haƙori.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Hamma bai kau da kai ba, bai ce haba ba. Ya taka har gaban Madam, ya karɓi makulli, ya jefa aljihu, ya dafe aljihun da hannu, sannan ya juyo.

"Tafinta, ce mata na ce na karɓa. Yadda na hwaɗa, ba ƙari ba ragi. Ka kuma ce mata na ce in abin feshin nan yana nan, shi ma kunyar ta sake ni."

"Ina saurare," in ji Alhaji.

Hudu ya laluba aljihun kalmominsa kaf, bai sami wadda za ta wuce kunnen Alhaji ba. Ya ce ƙasa ƙasa, "He said..."

"Ƙamus, ɗaga murya," in ji Ilu daga baya. "Mu 'yan firamare ba mu ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi, ya ƙarasa saƙon tas, ba gishiri ba barkono. Madam ta yi tsalle don murna, ta sa aka fito da kwalin famfo. Malam Mas'ud ya taso ya kama hannun Hamma, ya ce in sabon wakili ya huta ya biyo Karofi, akwai ɗan abin da aka taɓa. Dariyar da muke dannewa tun ɗazu ta ɓalle. Wallahi na so in tausaya wa Hudu, sai na hango zaren gwal na leƙowa daga aljihunsa, tausayin ya gudu.

Jibril ya tada mashin. Hamma ya hau baya, ya rungume kwalin famfo kamar jariri. Gidan su Hudu kuwa can bayan gari yake, ga rana ta take, ga babbar riga, ga keke an sayar. Hamma mutumin kirki ne, ya matsa gaba ya bar wuri.

"Yaro, na ji an ce ka saida keke. Hawo mu aje ka gida."

Hali zanen dutse. Kafin Hudu ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Haba, Baffa, da ka ba..."

Ya cije harshe, ya ɗaga ƙafa zai hau. Amma Hamma ya riga ya koma baya ya cike wurin. Ya taɓa kafaɗar Jibril, ya juya wurin Madam, ya yi Turancinsa na farko a duniya.

"Hi rifus."